Minti Huɗu a Jikin Bango

Na buga bangon sau uku, injin bai mutu ba. Na sake bugawa, wannan karon da gindin kofi, har fenti ya ɓantaro. Matar da ta zo naɗar tallan sabulu tana tsaye gaban makirufo da takardarta a hannu, ta dube ni ta dubi agogo.

"Yanzu zai kashe," na ce mata. "Yi min haƙuri."

Bai kashe ba.

Aikina naɗar murya ne da gyara ta. Ɗan ɗaki gare ni a layin masu sana'a, na liƙe shi da soso da tsofaffin barguna ta ko'ina, amma bango ɗaya ya fi ƙarfina, wanda ya haɗa ni da shagon Baba Kafinta. Injin yankan katako gare shi, irin wanda in ya tashi sai ka ji shi a haƙoranka. Shekararmu ta farko ko gaisuwar kirki ba ma yi. Daga baya muka daidaita: in na buga bango sau uku, ya kashe min na minti goma. Shekara tara bai taɓa saɓawa ba, sai dai ba ya barin abin ya wuce salin alin. Minti goma na cika zan ji ya ɗaga murya ta bayan bango, "Kunne, an gama waƙar? Mu masu aiki za mu ci gaba." Shi ya laƙa min sunan, wai duk layin ni kaɗai ke jin tarin tururuwa.

Ranar nan raina ya ɓaci sosai. Har na kama ƙofa zan zagaya in sauke masa kwandon magana, sai na tsaya, don kunnena ya kama wani abu. Ƙarar injin ba ta hawa ba ta sauka. Kullum in katako ya shiga bakinsa sai ya yi kuka, in ya fita ya sassauta. Yau kuwa murya ɗaya yake yi, miƙaƙƙiya.

A sana'armu, in kana son cire hayaniya daga bayan murya, sai ka fara samun hayaniyar ita kaɗai, tsantsarta, ka ba kwamfuta ta haddace, sannan ta bi naɗin tana tsince ta. Samfuri muke ce masa. Shekara tara ina roƙon Baba ya bar min injin ya yi gudu haka nan na minti ɗaya in ɗauka, yana cewa shi inji ba ya gudun banza a shagonsa. Na san da wannan sarai. Amma abin da ya zo min a rai shi ne yau na dace. Na ce wa matar ta yi shiru, na jawo makirufo na manna da bangon, na tsaya ina kallon agogo har minti huɗu, ina murmushi. Daga nan muka naɗi tallanmu, injin na ta gudu, ni kuwa ko a jikina, tunda na samu maganinsa.

Mai gyaran keke na tsallaken titi ne ya shiga shagon aron guduma ya sami Baba kwance tsakanin benci da bango, garin katako duk a gemunsa. Da na ji injin ya mutu na duba agogo, saboda sabo. Minti arba'in da bugun farko. Yana numfashi muka sa shi a mota, kafin mu kai asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce.

Kwana biyar ban buɗe ɗakin aikin ba. In na zauna cikin masu gaisuwa sai in ji ƙafata na ƙaiƙayi, in tashi in fita, in kai bakin layi in dawo. Mai ɗakina ta ce ko dai in faɗi abin da ke cina ko in daina yi mata sintiri a tsakar gida. Ban faɗa ba.

Rana ta shida, da hantsi, matar marigayin ta aiko a kira ni. Inna muke ce mata duk layin. Gidansu na bayan shagon, amma ranar da abin ya faru ta je wajen 'yarta. Na same ta a zaune bakin ƙofar ɗaki, tabaran Baba a cinyarta, ƙafar tabaran ɗaya ɗaure da zare.

"Kunne, kai da ba abin da ke wuce ka," ta ce. "Ka ji ya ce wani abu? Ko kira, ko salati?"

Na ce mata injin ya cika ƙara, ban ji komai ba. Gaskiya ce, amma rabinta. Ta gyaɗa kai, ta ce ita abin da ke hana ta sukuni ke nan, mutum ya shekara talatin da ɗoriya yana yi mata surutu, a ce ya tafi ba ta san kalmarsa ta ƙarshe ba.

Daga gidan kai tsaye ɗakin aiki na nufa. Naɗin yana nan, da sunan da na sa masa da hannuna: samfuri mai kyau. In har Baba ya kira ni, kiran yana cikin minti huɗun nan, don makirufon da na manna a bango ya fi kunnena. Na buɗe, na rufe. Na share tebur da ba ya buƙatar shara. Na sake buɗewa.

Aikin da na saba ne, sai dai a juye. A da injin nake jefarwa in riƙe muryar mai talla, duk abin da ya biyo ta bango kuwa shara ne a wurina. Yanzu cikin sharar nake tono. Na fara da gurnanin ƙasa na cire shi. Na bi siraran layukan da haƙoran zarto ke zanawa a allon kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, ina dannewa. In na danne da yawa komai ya mutu, in na sassauta injin ya dawo ya rufe. Sai in saurari daƙiƙa biyar sau talatin, har kunnena ya fara yi min ƙarya, in ji sunana a inda babu kowa. In tashi in fita ƙofa, in ga shagon Baba rufe da kwaɗo, in koma ciki da sauri. Masu kawo min aiki suna kira ina cewa kwamfuta ce ta lalace.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Rabin zuciyata na addu'ar kada in samu komai.

A kwana na uku, wajen minti na biyu da 'yan daƙiƙu, na ga wani ɗan tudu a allon wanda ba na inji ba ne. Murya tana da lanƙwasa, inji ba shi da ita. Na killace wurin, na yi ta fere shi har la'asar. Abin da ya rage siriri ne, yana rawa, kamar mai magana da kai cikin bokiti. Amma kalmomin sun fito. Na cire abin kunne na ajiye, na zauna a ƙasa.

Washegari na ɗauki kwamfutar da 'yar lasifika na tafi wurin Inna. Kafin in kunna komai na faɗa mata duka: bugun bango, da miƙewar ƙarar, da yadda na san ba ya barin inji ya yi gudun banza amma na tsaya ina murna. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce in kunna.

Na sa mata wanda na gyara, aikin kwana uku. Ta karkata kai ta saurara, ta yamutsa fuska.

"Wannan ba shi ba ne. Ina injin?"

Na ce na cire shi ne don ta ji maganar sosai.

"Mayar da shi."

Na sa mata na asali, wanda ban taɓa ba. Ƙarar ta cika tsakar gidan har kaji suka watse. Inna ta rufe ido. Ni ban ji komai ba sai inji, amma ana zuwa minti na biyu ta ɗaga yatsa, leɓenta na motsi.

"Ga shi nan," ta ce. "Cewa ya yi, 'Na ji, Kunne. Ina zuwa, bari in kashe maka.'"

Haka ya ce, ba ragi ba ƙari. Abin da ya ci min kwana uku ita a ji ɗaya ta ɗauke shi, don duk zaman aurensu ta cikin ƙarar nan take jin sa, ta ciki take tambayarsa me za a dafa ya amsa mata. Maɓallin injin a jikin bangona yake. Wajensa Baba yake jan jiki sa'ad da ya faɗi haka.

Ta sa na maimaita mata sau uku. Sannan ta goge ido da bakin mayafi, ta dube ni sosai.

"Da ka leƙa, Kunne. Taku nawa ne daga ƙofarka zuwa tasa?"

Na ce goma sha biyu. Na ƙirga su tun ranar.

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Wayarta ta miƙo min, ta ce in zuba mata shi a ciki, mai injin, duka minti huɗun, kada in yanke ko kaɗan. Ina fita daga gidan na ji ta kunna, ta ajiye wayar a kan taga ta ɗauki tsintsiya.

Bayan sati biyu mai tallan sabulu ta dawo da sabon talla. Ta tsaya gaban makirufo, ta gyara murya, ta yaba yadda wurin ya yi tsit yanzu. Na zauna na sa abin kunne. Kafin in danna naɗi sai na ga hannuna ya riga ni, ya dunƙule ya kai jikin bango, daidai inda fentin ya ɓantare. Na buɗe shi na kwantar da tafin a wurin. Bangon da sanyi, layin da ke allon kwamfuta kuma a miƙe yake, ko motsi ba ya yi.