Sunan da Ke Ƙasan Takardar Ƙuri'a

"Goggo, tsoro nake ji," in ji Alƙali Doyle Rasberry, idanunsa na kan hanya, hannayensa biyu damƙe da sitiyari kamar ɗan koyo. "Jikina yana ba ni wannan karon kayar da ni za a yi."

Goggo Opal, ƙanwar mahaifinsa, ta haura shekara tamanin, tana zaune a gefensa da farantin kek a kan cinya. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Kula da ramin can," ta ce. "In ka ɓarar mini da kek ɗin nan, ba sai masu zaɓe sun wahala ba, ni zan fara kayar da kai."

Ya kauce wa ramin. A-kori-kurar ta ci gaba da bin jar hanyar da ta ratsa dajin gabashin Texas, fartanyu biyu da manjagara suna ƙara a bayanta.

Shekara ashirin ke nan Doyle yana zaune a kujerar kotun gundumar Tolliver, kuma duk bayan shekara huɗu sai ya koma gaban jama'a ya roƙi ƙuri'a, sunan jam'iyyarsa a gefen nasa. A da wannan ba abin damuwa ba ne. Gundumar gaba ɗayanta ta jam'iyyarsa mai alamar jaki ce tun zamanin kakanni, wanda duk ya ci zaɓen fid da gwani ya gama cin zaɓe. Amma tun da aka datse kogi aka yi tafki, baƙi daga birni suka cika gefensa da gidaje, matasan gari kuma suka sauya sheƙa, sai jam'iyya mai alamar giwa ta mamaye ko'ina. Mutum zai shiga rumfar zaɓe ya cike ɗan da'ira guda a saman takarda, shi ke nan ya zaɓi kowa da kowa na jam'iyyarsa, tun daga gwamna har zuwa alƙalin da bai taɓa jin sunansa ba. Wanda yake son ya keɓe wani ɗan takara na ɗaya ɓangaren, dole ya gangara da fensirinsa har can ƙasan takarda ya nemo shi. A zaɓen da ya wuce da kyar Doyle ya sha.

Mako mai zuwa za a buɗe rajistar 'yan takara. Hoyt Mabry, abokinsa tun suna yara, wanda yanzu shi ne shugaban jam'iyyar giwa a gundumar, ya riga ya kawo masa tayi: ya dawo wajensu, ba za su tsayar da kowa a kansa ba. In ya ƙi, suna da wani matashin lauya daga bakin tafki da ke jiran a ce masa bismilla. Yau Hoyt yake son amsa, a wajen sharar kaburbura ta majami'ar Antioch.

Da suka iso, Doyle ya dubi motocin da ke ƙarƙashin itatuwa, zuciyarsa ta karaya. Yana yaro, ranar irin ta yau ba a samun wurin ajiye mota sai can bakin gonar audugar su Hoyt. Dangi sukan zo daga Houston da Louisiana, wasu su kwana a hanya. Maza su jeru da fartanya suna kankare kowane kabari har sai ba a ga ɗigon ciyawa ba, su tara masa sabuwar ƙasa ya yi tudu, mata su share da tsintsiyar reshe su jera furanni. Ba wanda ke ɗaga zancen siyasa sai an gama kabari na ƙarshe. Kaburburan da ba su da sauran dangi kuwa, rabon 'yan takara ne. Duk mai neman ƙuri'a sai ya cire kwat ya yi gumi a kansu kafin a ba shi damar hawa matakalar majami'a ya yi magana. Mahaifinsa, Clovis, yakan ce ta nan ake gane wanda zai tuna da kai bayan ka daina amfanarsa.

Yau mutanen ba su fi cikin bas ɗaya ba, kuma galibinsu da sanda suke dogarawa.

Hoyt na tsaye a bakin ƙofar shingen waya na maƙabartar, ƙaton tumbinsa a gaba, fartanya a kafaɗa.

"Allah ya ja zamanin mai shari'a!" ya ɗaga murya. "Na ɗauka sai na aika maka da sammaci."

"Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa sai na riƙe maka hannu? Wa zai rubuta maka sammacin?"

"Ina da sakatariya yanzu. Barka da zuwa, Miss Opal. Wannan kek ɗin nawa ne ko?"

"Naka ne in ka iya sunkuyawa ka ga yatsun ƙafarka," in ji tsohuwar, ta wuce abinta.

Doyle da Hoyt suka nufi layin marasa dangi da ke can kusurwar gabas. Babu wani ɗan takara da ya zo ban da Doyle. Matashin lauyan bai ma san ana yin wannan abu ba. Hoyt ba takara yake yi ba, amma ya tsaya a gefensa suna sara tare, kafaɗa da kafaɗa, kamar lokacin da iyayensu ke kora su aikin da alkawarin ruwan lemo.

Doyle yana kankara yana karanta sunayen da ke kan duwatsun. Ga tsoho Virgil mai gyaran rijiya, wanda ya taɓa tako ƙafa mil shida cikin ruwan sama don ya jefa masa ƙuri'a a takararsa ta farko. Ga Miss Eula da ta koya musu lissafi, ta kuma ja masa kunne a gaban kotu ranar da aka rantsar da shi, wai kada ya yi girman kai. Ya ɗaga kai ya dubi sauran maƙabartar. Can mahaifinsa yake, can kuma Wanda Faye, matarsa, wadda ta yi shekaru tana bin gida gida tana raba ɗan katinsa na neman ƙuri'a.

"Hoyt, masu zaɓena duk ga su nan kwance."

"Abin da nake ta faɗa maka ke nan, mutumina." Hoyt ya dogara da fartanya yana haki. "Su kuwa doka ta hana su jefa ƙuri'a, ko da yake na ji an ce a zamanin babanka sukan ɗan taɓa."

Doyle ya yi dariyar da bai shirya ba.

"Saurara," Hoyt ya rage murya. "Na san ba a gama kabari na ƙarshe ba, amma ni da kai ne. Me zai canza? Kujerar ita ce, rigar ita ce. Wanda ya bugu ya yi tuƙi, tarar da za ka ci shi ita ce. Jaki bai taɓa shiga kotunka ba, giwa ma ba za ta shiga ba, ƙofar ta yi mata kaɗan. In an ci abinci ka hau matakala ka faɗi jimla biyu, ka koma ofis ka yi zamanka har ka gaji. Ba na son in ga yaron da bai san hanyar Antioch ba ya zauna a wurinka. Wallahi don kai nake yi."

Doyle ya san gaskiya yake faɗa, kuma wannan ne ya fi damunsa. Tun rasuwar Wanda Faye, kotun nan ce kaɗai ke fitar da shi daga gida da safe. Ya sha ƙoƙarin hango kansa ba tare da ita ba, abin da yake gani kawai shi ne tsoho a baranda yana ƙirga motoci.

"Akwai kuma wata magana," in ji Hoyt, yana goge wuya. "Kwamitin maƙabarta ya zauna. Bana ce ta ƙarshe. Za a baje tudun nan duka a shuka ciyawa, a ɗauki mai injin yanka ya riƙa zuwa. Ka dube mu fa. Wa zai riƙe fartanya baɗi?"

Doyle ya sunkuya ya tara wa Miss Eula ƙasa, ya daddaɓe da bayan fartanya, ya daɗe yana gyara gefen fiye da yadda aikin ke bukata.

Da rana ta take, aka shimfiɗa abinci a kan dogayen teburan katako: soyayyar kaza, wake, burodin masara, tarwaɗa, da shayi mai ƙanƙara. Fasto ya yi addu'a. Doyle ya ɗebi nasa ya tafi inda Goggo Opal ke zaune a kujerar ninkewa, daf da kabarin yayanta Clovis.

"Na ji tayin da mai tumbin can ya yi maka," ta ce. "Garin nan ba a ɓoye komai."

"To me kika gani, Goggo? In na koma, Baba zai juya a kabarinsa."

"Rabu da Clovis, ya huta. Shi jam'iyyarsa ta kawo masa wutar lantarki gona, ya biya ta da ƙuri'a har ya mutu, sun rabu lafiya." Ta gutsuri burodi. "Ni kam na daɗe da komawa giwa."

Cokali ya tsaya masa a hannu. "Ke, Goggo?"

"Ni fa. Zaɓe uku ke nan. Rufe bakinka ƙuda zai shiga."

"Ashe ke ma ba ni kike zaɓa ba."

"Kai dai sakarai ne tun kana ƙarami. Nakan cike nasu a sama, sannan in sa tabarau in bi takardar nan da yatsa, layi layi, har in iso ƙasa inda suka jefa ka. Ranar nan sai da yarinyar rumfar ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata ɗana nake nema." Ta kurɓi shayi. "Duk takardar nan, nan ne kaɗai nake tsayawa in tambayi kaina: yaron nan ya yi adalci ko bai yi ba? Shekarar da ka ƙwace lasin jikana na yi niyyar tsallake ka. Na tsaya fensiri a hannu, na tuna yadda yake tuƙi, na ce to, da gaskiyarsa. Ba ni kaɗai ba ce. Matan ajinmu na majami'a na ranar Lahadi duk haka suke yi, in ban da Lorene, ita har yau tana jin haushin hukuncin da ka yanke a kan shingenta."

"In na koma fa?"

"Ai ka sauƙaƙa mini ke nan. In cike guda ɗaya in kama hanyar gida, ko sunanka ba sai na gani ba."

Ta faɗe shi ne ba tare da wani nauyi ba, ta koma kan kazarta. Shekara huɗu Doyle yana kallon 'yar tazarar da ya sha da ita a matsayin alamar ƙarewarsa. Bai taɓa tsayawa ya yi tunanin su wane ne suka ba shi ita ba: mutanen da suka riga suka bar jam'iyyarsa, amma suka sa tabarau suka gangara neman sunansa, wasunsu ma ya taɓa cin su tara. Ya san ba su da yawa. Ya san kuma kowace shekara ana kawo wasu daga cikinsu nan Antioch, baƙin tafki kuwa ƙaruwa suke yi. Tsoron da ya taho da shi a mota bai tafi ko'ina ba, yana nan zaune a ƙirjinsa.

Ya dubi layin da suka kankare da safe, kowane tudu da jar ƙasarsa sabuwa, kowanne da sunansa a fili.

Fasto ya buga cokali a jikin kofi. "Jama'a, an gama kabari na ƙarshe, an ci an ƙoshi. Ɗan takara ɗaya ne ya yi mana gumi bana. Mai shari'a, matakala taka ce."

Doyle ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya bar kwat ɗinsa a kan kujera, ya hau matakala uku da rigarsa jiƙe da gumi, jar ƙasa har gwiwar wando. Hoyt ya matso gaba yana murmushi, farantin kek a hannu.

"Ba zan tsawaita ba," in ji Doyle. "Na tsaya a nan sau biyar. Karo na farko, rabin waɗanda ke bayan wayar can suna zaune a teburan nan suna yi mini dariya, don na manta sunan kujerar da nake nema."

Wasu tsofaffi suka ƙyalƙyale.

"Abokina Hoyt ya yi mini tayin alheri, kuma da zuciya ɗaya ya yi shi. Na gode, Hoyt. Na san lissafinka ya fi nawa, ko Miss Eula ta shaida. Amma ranar Litinin zan je in rubuta sunana inda yake tun farko. Mai yiwuwa in faɗi. Daga nan zuwa ranar zaɓe zan ƙwanƙwasa kowace ƙofa a gundumar nan, har da na bakin tafki, in nuna wa kowa inda sunana yake a ƙasan takarda. Wanda ya ga na cancanta, ya gangaro ya neme ni."

Hoyt ya girgiza kai, murmushin ya ragu amma bai gushe ba. "Taurin kai irin na jaki," ya ce, yadda kowa zai ji.

"Kuma ka faɗa wa mai injinka," in ji Doyle, "ya yanke ko'ina, amma ya bar mini layin gabas. Ko da kujera ko babu, baɗi zan zo da fartanyata."