Kwana Casa'in a Layin Baba Tela

Wuƙar ta wuce inda ya kamata ta tsaya. Iya ta ɗaga katin wayar a hasken taga, sai ta ga ta kankare har da lambobin, na tsakiya sun bi bakin wuƙa. Ba ta iya karatu ba, amma ta san rami in ta gan shi.

"Kin gama?" in ji Baba Tela daga kan gado. Muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa.

"Saura kaɗan."

Shekara ashirin da biyu ƙofofinsu na kallon juna. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi aka rufe keken ɗinkinsa da zani, ita ke leƙo shi safe da yamma. Yau da safe saƙo ya shigo, ya sa tabarau ya karanta mata: wata uku ba a sa kati ba, in ba a sa yau ba za a rufe layin, lambar kuma a ba wani.

Lambar nan ita kaɗai Autansa ya sani. Shekara shida da tafiyarsa, bayan wani faɗa da suka yi a bakin ƙofar nan. Sau ɗaya ko biyu a shekara zai kira da wayar wani, ya ce "Baba, ina nan lafiya," ya kashe. Ba inda za a neme shi, sai dai a jira.

Abin da ke cin Iya, da bakinta a ciki. Bara surukin Baba Tela ya zo da takarda, wai a sa hannu na shekara biyu, ana biya duk wata, layi ba ya yankewa, har da sabuwar waya. Ita ta ja tsohon gefe. "Ka sa hannu kan watannin da ba ka san za ka gani ba? Sayi katinka, ka ci abin da ka biya, ka kwanta ba mai bin ka." Ya ce gaskiyarta.

"Miƙo in karanta," ya ce.

Ta miƙa. Ya daɗe yana kallon katin. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

"Ba ni wayar in kai wa mai kati ya sa wani da kansa," in ji Iya.

Ya ƙanƙame ta a ƙirji. "In ya kira kina hanya fa?"

Ta fita ko takalmi ba ta daidaita ba. Gwiwar da ta yi shekara tana ƙorafi a kanta, ranar ba ta ji ta ba. Duk taku sai ta ji kamar an yi kuka a bayanta, ta waiwaya, ba komai sai akuyar maƙwabta. Ta tarar mai kati yana naɗe lemarsa, rana ta yi ƙasa.

"Tashi mu je."

"Iya, ni fa kati nake sayarwa, ba likita ba ne."

"Kai da na goya uwarka? Ɗauko kati ɗaya ka biyo ni. Kuma da farce za ka kankare, na ga abin da wuƙa ke yi."

A ƙofar ɗakin ta tsaya ta kasa kunne. Shiru. Ta kasa ɗaga labulen, sai da tari ya fito daga ciki sannan ta saki numfashi.

Baba Tela bai saki wayar ba. Dole mai kati ya durƙusa gefen gado, yana danna lambobin a tsakanin yatsun tsohon. Da farko ya yi kuskure, ya goge zufa ya sake. Wayar ta yi ƙara ɗaya.

"Ya shiga."

"Kwana nawa suka ba ni?"

"Casa'in, Baba."

"Sun yi mini yawa." Ya juyo da ido wajen Iya, ya nuna gwangwanin maɓallai da ke kan keken ɗinki. "Kuɗin kati biyu na ƙasa. Ɗauki."

"Ɗaya zan ɗauka. Ɗayan ni na ɓata."

"Ke dai ba kya canjawa."

"Kai ma."

Ya kamo hannunta ya ɗora a kan wayar. "In ya kira, kada ki fara da labarina. Ki fara ce masa ban riƙe shi da komai ba."

Washegari da hantsi ya cika, tana zaune tana yi masa fifita.

Da aka zo kwashe kaya, surukin ya ɗauki wayar yana juyawa, ya ce wannan ai ta bola ce. Iya ta karɓe ta daga hannunsa. Ta haɗa da gwangwanin.

Yanzu wayar na kan tagarta, kusa da kwano biyu. Ta ƙirga maɓalli casa'in ta zuba a ɗaya. Kullum da safe takan ɗauki guda ta jefa a ɗayan, ta goge fuskar wayar da bakin zani, ta maimaita maganar a hankali don kada ta fara da abin da aka hana ta. Ko tsakar gida za ta fita, ƙofar a buɗe take barinta.