Binnen Baba Rabo

A ƙauyensu, can wajen Allakaye, an san Baba Rabo da abu biyu. Shi ne dattijon ƙaramar majami'ar garin, wadda gidaje kaɗan ne ke zuwa cikinta, kuma shi ke riga kowa binne. Tun sama tana fara fat, babu ko alamar hadari, zai zuba irinsa a busasshiyar ƙasa ya rufe, ya yi addu'a, ya dawo gida.

A waccan shekara damina ta yi jinkiri. Ɗansa Jima, wanda ke aiki a ofishin noma a Madawa, ya zo wata Asabar a kan babur. Ya tarar da tsohon a tsakar gida yana tsince irin hatsi a ƙwarya, buhun yana jingine da rumbu. Irin gidansu ne tun na kaka, kuma abin da ke buhun nan shi kaɗai ya rage.

"Mushe ya iso," in ji Baba Rabo, don da wannan laƙabin Faransanci na ma'aikatan boko yake tsokanarsa tun da ya samu aiki. "Mi meteyo, hukumar yanayin nan taku, ta ce muna bana?"

"Baba, ba wasa ba ne. Sun ce za a yi ɗan yayyahi, sannan ruwa shi ɗauke. Duk wanda yay yi binne, irinshi za shi tsira shi ƙone."

Maƙwabcinsu Attahiru, abokin Baba Rabo tun suna kiwo, ya leƙo ta kan darni. "Rabo, ashe ɗanka duba yaka yi yanzu? Shi duba mini inda akuyata ta shiga mana."

Suka yi dariya, dariyar ta koma wa Baba Rabo tari. Jima ya ji tarin, amma hankalinsa yana kan buhu.

"Ina son in sa shi ƙasa da hannuna," tsohon ya ce da tarin ya lafa.

"Za ka sa, Baba, in ruwa ya zauna. Ubangiji ya ba mu hankali. In irin ga ya ƙone, ina za mu samu wani?"

Washegari bayan sujada Jima ya ɗaure buhun a bayan babur, don ya san in ya bar shi, kafin ya kai Buza an binne. Mahaifiyarsa Indo ta tsaya a bakin ɗaki tana kallo. Baba Rabo bai yi gardama ba. Ya ɗora hannu a kan buhun, ya yi addu'a gajeriya, ya ce, "Ka tai lahiya."

Abin da Jima ya faɗa shi ya faru. Aka yi yayyafi, binnen mutane ya tsiro, rana ta buɗe ta ƙone shi ƙurmus. Jima ya kira gida, da ɗan jin daɗi a muryarsa.

"Ka yi gaskiya, Mushe," in ji uban, da murya ƙasa-ƙasa.

Indo ta karɓi wayar, ta tambaye shi yaushe zai zo. Ya ce in ruwa ya zauna.

Attahiru ne ya kira shi wata safiya, bai ma tsawaita gaisuwa ba ya ce masa Baba Rabo ya rasu. Kafin Jima ya iso, maƙwabta Musulmi sun gama haƙa kabari, ƙasar tana da tauri kamar dutse. Fasto ya zo daga Buza. Aka rufe Baba Rabo da la'asar, sama babu ko gajimare.

Ana cikin zaman makoki ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda ke cika fadama. Jima ya koma Madawa ya ɗauko buhun. Da safe Indo ta ɗauki ƙwarya ta shige gaba, ya bi ta zuwa gona.

Gonar fako ce, sai an haƙa mata tassa, ƙananan ramukan da ake zuba wa taki su riƙe ruwa. Jima yana tunanin inda zai samo masu haƙa, sai ya ga an riga an yi. Ramuka layi-layi, kowane da takinsa, ruwan jiya ya jiƙa su.

"Inna, wa yay yi wanga aiki?"

"Shi. Kullum da sahe, yana haƙa yana hutawa." Ta aje ƙwaryar. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa. "Kai, zauna ka ji. Tun rani likita ya hwaɗa mishi ba shi ganin kaka. Ya hana ni gaya maka, wai kana da aikinka."

Jima ya zauna a kan kunya.

"Ranar da kat tahi da buhun," ta ci gaba, "na ce mishi, Malam, in bi shi in amso? Ya ce a'a, yaron ga yana da gaskiya. Sai ya ce, Indo, ni ma binne za a yi da ni. Cikin busasshiyar ƙasa za a sa ni, a ruhe, ku koma gida ba ku ga komi ba. So nika in ƙara yi sau guda da hannuna, in tuna wa zuciyata cewa wanda nika bar ma iri shekara da shekaru bai taɓa mance ni ba."

 Jima ya ce, "Inna, da irin ya ƙone."

"Da ya ƙone," ta ce. "Ya sani."

"Ko awon tiya guda ban bar mishi ba."

Ba ta ce masa "ba komi" ba, don ta san ba haka yake ba. Ta kwance bakin buhun, ta cika ƙwaryar, ta miƙa masa.

"Ba ni iyawa, Inna."

"Ni kana ganin da ƙarhina nika tsaye? Roƙon Ubangiji nika yi tun da asuba, ana ba ni na wunin. Tashi. Damshin ga ba shi jiranmu."

Ya tashi. Ya so ya yi addu'ar da ubansa ke yi a bakin gona, sai ya ga farkonta kaɗai ya riƙe. Ya faɗi abin da ya tuna, Indo ta ce amin.

Suka fara daga gabas, yana zuba iri tana rufewa. Ramukan farko masu zurfi ne, an gyara bakinsu. Da suka yi nisa Jima ya lura suna raguwa, layin ma ya fara karkacewa. Na ƙarshe, kusa da gindin aduwa, sara ɗaya ne kawai, ko taki babu.

Jima ya durƙusa. Ya ƙarasa haƙa shi da yatsunsa, ya zuba iri, ya rufe. Hannunsa ya daɗe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar kafin ya ɗauke.