Bindiga Mai Ladabi

Abu Lais ya zare bindigar daga akwatinta a hankali, ya juya ta a rana domin duk wanda ke filin harbin nan na bayan garin Zarƙa ya gani, har da mai sayar da gahawa.

"Ku duba bututun," in ji shi. "A ƙasa yake, daidai da hannu. Samanta ba ya motsi ko kaɗan. Gudumarta mai dukan harsashi ma a kife take."

"Kamar jemage kenan," in ji Hikmat, wanda ake kira Abu Nuwar, maƙwabcinsa kuma abokin hamayyarsa, yana goge tsohuwar bindigarsa da gefen riga. "Tana soya ƙwai kuma?"

"Ba ta zabura, Abu Nuwar. In na harba, zaune take kamar ɗalibar da ta yi laifi. Taka kuwa sai ka ce jaki ya ga wuta."

Shekara shida Abu Lais, likitan haƙori, yana neman gurbi cikin mutum uku da ƙungiyar maharba ke turawa gasar ƙasashen waje, shekara shida yana zuwa na huɗu. Yanzu yana da shekara hamsin da huɗu, idonsa ya fara neman tabarau, ya kuma san bana ce ta ƙarshe. Ya zargi iska, ya zargi alƙalai, ya zargi mansaf, wato shinkafa da naman ragon da ya ci kafin gasar bara. A ƙarshe ya gano cewa laifin na bindiga ne, ya yi odar wannan daga Turai. Majinyatansa sun sha bayaninta baki a buɗe, ba halin gudu.

Abin haushi, ranar ya yi harbi na gaske. Farantan ƙarfe suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa bai runtse ido ba. Da azahar aka liƙa sakamako: na uku, Hikmat na huɗu. Daɗi ya kama shi har ya rungumi mai gahawa, ya kira matarsa ya ce ta nemo masa fasfo.

Sai Kaftin Rula, babbar alƙaliyar gasar, ta zo da takarda a hannu.

"Dakta, ukun farko za su kawo harsashi a auna gudunsa. Ka san doka."

Ya sani mana. Harsashin da bai kai ƙarfin da aka ƙayyade ba, makin mai shi ba ya shiga lissafi, don kada wani ya rage albarushi ya samu sauƙin riƙo. Ya miƙa guda takwas yana murmushi. Aka harba uku ta cikin na'urar, Kaftin ta dubi lambar, ta sa aka ƙara uku. Ta sake duba, ta cire tabaranta.

"Dakta, wannan harsashin tafiya yake yi ko yawon shan iska?"

"Na'urar ce ta lalace."

"Yanzu ta auna mutum biyu lafiya lau. Ka yi haƙuri, an soke makinka."

Hikmat bai yi dariya ba, kuma hakan ya fi dariyar ciwo. Ya dafa kafaɗarsa kawai ya ce, "Ashe shi ya sa take da ladabi."

Abu Lais ya koma mota, ya rufe gilashi, ya buga waya ga Usta Hagob, tsohon maƙerin bindiga na cikin Amman wanda shi ke ɗura masa harsashi tun farkon shigarsa wasan.

"Usta, ka kashe ni. Me ka zuba a ciki?"

"Albarushi, Dakta. Kaɗan dai."

"Wa ya sa ka?"

"Kai. Ka manta ranar da na tsaya bayanka? Da cikakken albarushi kana rufe ido kafin ka taɓa kunama. Na ji tausayinka, na rage."

"Sabuwar bindigar ba ta bukatar tausayinka."

"Wace sabuwa? Ɗana, shekara uku kenan ina rage maka, tun kana da tsohuwar."

Abu Lais ya juya wajen filin. Ta gilashi yana hango Kaftin Rula tana rubuta sunan Hikmat a layi na uku.

"To me ya sa ba a taɓa kama ni ba?"

Tsohon ya yi tari, ya kurɓi wani abu, sannan ya amsa da muryar mai ba da haƙuri.

"Wa zai ɓata lokaci yana auna na huɗu? Wallahi ban taɓa zaton za ka ci ba."