Ranar da Raisibe Ta Juya Addu'a

"Barka, 'yar'uwa! Kai, barka!"

Mma Raisibe ta riƙe hannun matar da hannu biyu tana girgizawa, har jakarta ta zame daga kafaɗa. Ba ta san matar ba. Tun safe dai suna zaune a benci ɗaya, a ƙasan benen wani asibitin koyarwa a Pretoria, kowacce da mijinta. Kuma yanzun nan, da ƙofar ofis ta buɗe, ta ji da kunnenta likita tana cewa, "Hoton bai nuna komai ba, Mma. Ko ɗigo ɗaya bai haska ba."

Matar ta zare hannunta a hankali. Ta dubi Raisibe tun daga farar hularta har jar rigarta ta zumuntar matan coci. Mijinta, wani dogo ramamme, ya sa hularsa, suka fita kamar masu dawowa daga maƙabarta.

Raisibe ta koma benci ta zauna daɓas.

"Baban Kedibone, ka ga mutanen nan? An ce musu hoto ya fito fes, ko godiya babu."

Mijin nata, Ntate Lesetja, ya zuba wa gorar ruwansa ido. "Wataƙila sun tuna sun bar wake a wuta."

"Kai dai komai wasa."

"To ji da azuminki, tsohuwa, ki bar mutane."

Duk wanda ya san mutanen nan biyu a unguwarmu ta Soshanguve ya san haka suke. Shekara arba'in da ɗaya da aure, ita a gaba da sauri, shi a baya da zolaya. Ko yau da safe, daga inda motar haya ta sauke su zuwa ƙofar asibiti, sau huɗu ta waiwayo tana cewa, "Ɗaga ƙafa mana! Kamar mai taka ƙwai." Shi kuma ya dafe ƙugu ya ce kujerar bas ce ta cinye masa baya, don shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas ɗin birni.

Shekara biyu ke nan yana fama da ciwon daji irin na maza, wanda ke farawa a ƙarƙashin mafitsara. An yi allurai, an sha ƙwayoyi, daga baya suka daina aiki. Mako uku da suka wuce, Raisibe tana ƙauye wajen jana'iza, 'yarsu Kedibone ta rako shi nan. Da ta dawo, abin da aka gaya mata kawai shi ne akwai wani sabon bincike, za a ɗauki hoto ranar Alhamis. Ba ta nemi ƙarin bayani ba. Wane bayani? Ita ma an taɓa ɗaukar mata hoton ƙirji, na mama ma an ɗauka. Kowa ya san zancen: hoto ya fito fes, ka tafi gida ka dafa nama.

Don haka ta kai maganar gaban zumunta. Mata ashirin da shida, mako uku cur, roƙo ɗaya: Ubangiji ya wanke hoton Ntate Lesetja, kada a ga komai. Yau ma azumi suke, kuma ƙarfe biyu daidai, lokacin da za a shigar da shi na'ura, za su durƙusa a coci.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci aka kira su. Likita Vhonani yarinya ce siririya mai tabarau, ba ta wuce sa'ar Kedibone ba. Ta auna jininsa, ta tambayi ko allurar safe ta sa shi jiri.

"Jirin da nake ji tun ranar aurena ne," in ji shi.

"Kar ki kula shi, 'yata," in ji Raisibe. "Ke dai ki kwantar da hankalinki. Hoton nan fari tas zai fito, kamar na mutumin ɗazu. Mata ashirin da shida ne a kansa."

Biron likita ya tsaya cak. Ta dubi Lesetja ta saman tabarau.

"Ntate, ba ka yi wa Mma bayani ba?"

"Na yi. A taƙaice."

Likita ta ajiye biron, ta jawo kujerarta kusa. "Mma, allurar da muka yi masa da safe, akwai wasu ƙwayoyi a ciki. Ƙanana ne ƙwarai. Ki jera dubu, da ƙyar su kai kaurin gashi ɗaya."

"To. Maganin ke nan."

"A'a, ba magani ba ne tukuna. Na yau haske suka ɗauko, don na'ura ta gan su."

"To hoton ne maganin."

"A'a, Mma. Kin san ƙarangiya? Yadda take maƙale wa bargo amma ba ta kama leda? Haka muka ƙera su, su maƙale wa ciwon kaɗai."

Raisibe ta dafe ƙirji. "Ƙarangiya kuka zuba wa mijina a jini?"

"Misali ne kawai."

"To ki bar misali, ki gaya mini magani. Yana ina?"

"Yana cikin ƙwayoyin."

"Yanzu kika ce ba ya ciki."

Likita ta cire tabarau ta murza ido. Lesetja ya yi gyaran murya.

"Tsohuwa, bas ɗaya ce. Yau an tura ta ba fasinja, an kunna mata fitilu, a ga ko ta san tashoshin. In an hango ta tsaye a inda ciwon yake, mako mai zuwa sai a cika ta da magani, ta sauke shi a ƙofar gidan, ba ta bi tana watsa wa maƙwabta ba. In kuwa ba a ga fitilarta ko'ina ba, ba ta san hanya ba ke nan. Wa zai zuba fasinja a bas ɗin da ba ta san hanya ba?"

"Yauwa," in ji likita da ajiyar zuciya. "Da ma kai ka zo kana koya wa ɗalibaina."

Raisibe ba ta yi dariya ba. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Tsaya. In hoton ya fito fes, ba warkewa ba ce?"

"A wurin Ntate, a'a. Gwajin jininsa ya riga ya nuna ciwon na nan. In bai haska ba, ƙwayoyinmu ne ba su gane irin nasa ba. Ba zan iya sa shi a binciken ba."

"Sai kuma me?"

Likita ta mayar da tabarau. "Sai mu koma ga rage masa zafi."

"In ya haska fa, ya warke?"

"Ban yi miki wannan alkawarin ba, Mma. Bincike ne. Amma ƙofa ce."

"To mutumin ɗazu da na yi wa matarsa barka..."

"Ba zan iya yin maganar wani majinyaci ba."

Raisibe ta toshe baki da tafin hannu.

A baranda ta tare shi. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

"Lesetja." Rabon da ta kira sunansa tsirara haka, tun Kedibone na goye. "Ka san duk wannan. Har da bas da tasha. Mako uku kana ji ina roƙon a rufe maka ƙofa, kana cewa amin."

"Amin ɗin ladabi ne."

"Kar ka yi mini wasa!"

Ya jingina da bango. "In na ce miki ana so ya haska, za ki ce ya haska a ina. In na gaya miki a ina, kin daina cin abinci. Na ga kina dawowa daga coci kina waƙa, kina soya fanke. Na ce bari in bar ta. Ai Ubangiji ya san abin da kike nufi."

"Kai ne sakatarensa?"

Ta duba agogon bango. Biyu saura kwata. Ta lalubo waya ta kira Mma Seemole, shugabar zumunta, tsohuwar malamar firamare wadda har fasto ke shakka.

"Raisibe! Mun hallara, har Mma Pheladi da sandarta. Yanzu za mu fara."

"Mma, ku dakata. A juya addu'ar."

"A yi me?"

"A juya ta. Kada hoton ya fito fes. A roƙa ya haska."

"Me zai haska?"

"Ciwon."

Can Raisibe ta jiyo ana jan kujeru, wata na tambayar me aka ce.

"Raisibe, kin karya azumi kuwa? Yunwa ce ke magana?"

"Lafiyata ƙalau. Likita ce ta ce in ba a ga ciwon ba, ba magani."

"In ba a ga ciwo ba, ai ba a buƙatar magani! Ke, shekara talatin ina jan addu'a, ban taɓa roƙon Ubangiji ya nuna ciwo a jikin ɗan mutum ba. Kuma mako uku muna aikawa. Addu'a takalmi ce da za a mayar shago a ce bai yi daidai ba?"

"Mma, akwai wata bas..."

"Wace bas kuma? Ba kuna asibiti ba?"

"Muna asibiti. Bas ɗin tana cikin jininsa. Tana da fitila." Ta ji yadda maganar ta fito, ta runtse ido. "Wayyo, ni ma ban gane ba, Mma. Na dai gane in hoton nan ya yi fari, za su sallame mu kamar yadda suka sallami wasu ɗazu. Na ga fuskar matar."

Muryarta ta karye a nan. Mma Seemole ta ji, don da ta sake magana ta sauko.

"To me za mu ce, ƙanwata? Ba ni kalmomin. Ba zan tsaya gaban mata ashirin da shida in ce a ƙara wa Ntate ciwo ba."

Raisibe ta dubi mijinta. Wata ma'aikaciya ta zo tafiya da shi, yana ta fama da maɓallin agogonsa, yana satar kallonta kamar yaron da ya fasa tulu.

"Ku ce abin da ke ɓoye ya fito fili."

"Ah. Wannan kam addu'a ce. Da kin faɗi haka tun farko." Raisibe ta jiyo ta tana tafa hannu. "Mata! An canza!"

Minti arba'in ya yi a cikin na'urar. Raisibe ta zauna da agogonsa da jakarsa a cinya, leɓunanta na motsi. Sau uku ta kama bakinta yana cewa "ka wanke shi fes," don harshe ya saba, sai ta ce, "A'a, Uba, ba wannan ba, ɗayar." Daga baya ta rasa wacce ce ɗayar. Ta yi shiru, ta bar Shi ya zaɓa.

Wajen ƙarfe uku da rabi likita ta kira su, ta juyo musu da allon kwamfuta. Ga mutum a tsaye, toka-toka kamar hayaƙi, ba fuska, ba tufafi. Amma Raisibe ta gane shi, ga kafaɗar hagun nan da ta fi ta dama sauka. A jikin hayaƙin kuwa, fitilu. Ɗaya a ƙugu, babba. Uku a jere a kashin baya. Haƙarƙari. Kafaɗa. Ta ƙirga tara, ta daina.

"Ya kama sosai," in ji likita. Tana ƙoƙarin ɓoye murmushi, ya ƙi ɓoyuwa. "Duk inda muke zato, sun je. Har inda ba mu sani ba. Ntate, ranar Talata za mu fara."

"Na gaya miki direba ne ni," in ji Lesetja. "Ko a jinina bas ba ta ɓata."

Raisibe ta miƙa yatsa ta taɓa allon, daidai fitilu ukun nan na kashin baya.

"Nan nake shafa masa man zafi kowace safiya," ta ce. Ba da kowa take ba. "Ya ce kujerar bas ce."

Likita ta shiga tattara takardu.

Suna fitowa baranda waya ta yi ƙara.

"Raisibe, yaya? Gwiwoyinmu sun ƙage!"

"Ya haska, Mma."

"Da yawa?"

"Ko'ina."

"Mata! Ya haska ko'ina!"

Guɗa ta ɓarke a cikin wayar, mata ashirin da shida, har wani mai tura keken marasa lafiya ya waiwayo. Raisibe ta janye wayar daga kunnenta ta tsaya tana kallonta. Ba ta kashe ba. Ta sa ta a jaka, ta ja zif.

"Baban Kedibone, murna za mu yi ko kuka?"

"Wallahi ban sani ba, tsohuwa. Mu fara cin fanken nan na jakarki tukuna."

Ya miƙa hannu zai karɓi jakarsa, ta hana. Ta rataya ta a kan tata, suka nufi ƙofa. Taku uku ta yi ta ga ta wuce shi, kamar kullum. Ta buɗe baki za ta ce ya ɗaga ƙafa, ta rufe. Sai ta dawo baya ta tsaya daidai kafaɗarsa ta hagu, ta jira ya ɗaga ƙafa kafin ta ɗaga tata. Guɗar na ta fitowa ƙasa-ƙasa daga cikin jaka, har suka kai bakin titi.