Rigar da Inna Ta Ƙona

Aikina a gidan tarihi guga ne. Idan na faɗa wa mutane haka sai su yi dariya, su ce ashe duk karatun da na yi a dutsen guga ya ƙare. Ba na musu da su. Gidan tarihinmu tsohon gidan wani Bature ne na zamanin mulkin mallaka, mai faffaɗar baranda da dogayen tagogi, ga ɗakunan barori a can baya a jere kamar akurkin kaji. Muna da wani shiri da makarantu ke kawo mana yara, a cire musu takalma, a ɗaura musu tsofaffin kaya, su wuni suna rayuwar mutanen wancan lokaci. Wasu su ɗebo ruwa a rijiya, wasu su ja igiyar fankar da ke rataye a falo, wasu su zo wurina in koya musu hura gawayi a dutsen guga. Yaran da ko kofin shayinsu ba sa ɗaukewa a gidan ubansu, sai ka gan su suna faɗa a kan tsintsiya.

A ƙarshen shirin akwai ɗan wasan kwaikwayo, kuma ni na tsara shi. A bakin Innata na samo labarin. Tana ƙarama uwarta wanki take yi a gidan wani Bature, ba wannan gidan ba, wani dai irinsa, ita kuma tana taya ta. Wata rana aka bar ta da dutse, hankalinta ya tafi wajen kallon karen Bature da ake yi wa wanka da sabulu, ta ƙona farar riga a daidai ƙirji. Sai ta shige kwandon wanki ta lulluɓe da zanen gado. A nan Inna take tsayawa, ta yi ta dariya har da hawaye, mu ma mu taya ta. Ba wanda ya taɓa tambayarta abin da ya faru bayan an buɗe kwandon. A wasanmu, matar Bature, wadda barori ke kira Uwargida, takan fito da ƙonanniyar riga, ta kaɗa ƙararrawa, ta tambayi wanda ya yi ɓarna. Yara su yi ta nuna juna, a tono ɗaya a cikin kwando, a tashi da dariya.

Lokacin da wannan abu ya faru, Inna ta daɗe da daina ba da labari. Tsufa ya yi ta kwashe mata tunani kaɗan-kaɗan. Ta manta unguwarmu, ta manta Yaya, babban wanmu, daga baya ta manta ni. Abu ɗaya ya rage mini, shi ne ba ta cin abinci sai daga hannuna. Yaya ya zo da lemo ya ɓare ya miƙa mata, ta kau da kai. Matarsa ta yi lallashi har ta gaji. Amma da na zauna a gefen gado da kwano, sai Inna ta buɗe baki tana kallona tana murmushi.

"Baiwar Allah, ke 'yar gidan wa ce? Iyayenki sun iya tarbiyya."

"Inna, ai ke kika yi tarbiyyar."

"A'a. Ni ba ni da 'ya mai furfura."

Sai in yi dariya in ƙara mata loma. Da ina da hankali, da wannan ya ishe ni. Amma zuciya ba ta ƙoshi, kuma ni tun ina yarinya ba a san ni da haƙuri ba. Ina so ta dube ni sau ɗaya ta san cewa ita ta haife ni. Likita ya taɓa ce mini wani lokaci tsofaffin abubuwa, ko ƙamshin wani abu na ƙuruciya, kan buɗe musu ƙofa. Na riƙe maganar nan gam. Ni da nake wuni cikin warin gawayi da sitaci, ina zan je neman tsohon abu?

Yaya bai so ba.

"Ki bar tsohuwa ta huta," in ji shi. "Tana ci, tana barci, ba ta kuka. Me kuma kike nema?"

"So nake ta kira ni, Yaya. Ko sau ɗaya."

"Ke dai da kafiya. In kin kai ta, ki ajiye ta a inuwa."

Da safe na yi mata wanka, na shafa mata mai, na ɗaura mata ɗankwalin da ta fi so a da, muka hau mota. Na zaunar da ita a benci a barandar baya, dab da teburin guga, inda za ta riƙa ganina. Ban gama hura wuta ba sai ga shugabanmu, wanda muke kira Agogo don ba ya iya gaisawa da mutum bai duba hannunsa ba. Ya ce Doguwa, abokiyar aikina da ke fitowa a Uwargida, ɗanta ya kwana da zazzaɓi, ba za ta zo ba.

"Ke za ki sa kayan yau. Ke kika rubuta wasan, kin san maganganun."

"Ranka ya daɗe, da mahaifiyata na zo. Ba zan iya barin ta ba."

"Ai ba nisa, daga baranda zuwa falo ne. Mai shara za ta zauna da ita. Ta ma ga 'yarta ta zama matar Bature, ta yi alfahari."

Ya duba agogonsa ya wuce. Na yi tsaki, amma ban ga wani abin tsoro a ciki ba.

Yara suka iso da hayaniyarsu, aka rarraba su. Nawa suka kewaye teburi, na nuna musu yadda ake buɗe bakin dutse a zuba garwashi, a rufe, a kaɗa shi a iska har ya ɗauki zafi. Ina yi ina satar kallon Inna. Da farko bango take kallo. Da hayaƙin ya kai gare ta sai na ga hancinta ya motsa. Na yayyafa ruwan sitaci a kan hankici, na ɗora dutse, tururi ya tashi. Inna ta miƙo hannu.

"Kawo nan. Wutarki ta yi yawa."

Na tura mata teburin kusa. Ta tsoma yatsa a ruwa ta ɗiga a gindin dutsen, ta saurari ƙarar, ta jira kaɗan, sannan ta ja shi a kan hankicin. Hannun da cokali ke gagara, ga shi yana tafiya sumul. Yara suka matso suna kallo. Ni kuwa daɗi ya cika ni, na ce a raina yau Yaya zai ji kunya.

Na sunkuya kusa da kunnenta. "Inna, kin gane ni?"

"Bari in gama," ta ce, ba ta ɗago ba. "Innata ta tafi shanya, yanzu za ta dawo."

Na ce ba komai, ai an fara. Wadda ta tuna uwarta za ta tuna 'yarta.

Da lokacin wasa ya yi, na kashe wutar, na bar ta da mai shara, na shiga ɗakin canza kaya. Doguwar farar riga, safar hannu, malafa mai faɗi, da takalmi mai tsini. Yara suka taru a falo, malamarsu na tsaye a bakin taga tana ɗaukar hoto da waya, an riga an ɓoye wata 'yar ƙiriniya a cikin kwando tana ta ƙyalƙyala dariya. Na fito ina taka daɓen katako ƙwas-ƙwas, rigar nan mai tabon ƙuna a hannuna. Na ɗauki ƙararrawa na kaɗa. Na ɗaga haɓa, na murɗe harshe yadda Doguwa take yi, na sa murya mai sanyi da kaifi.

"Wane ne ya ƙona rigar maigida?"

Yara suka fara nune-nune suna dariya. Na buɗe baki zan maimaita, sai na hango Inna a ƙofar baya. Matar da sai an kama ta take miƙewa, ita kaɗai ta taso, mai shara na biye da ita tana rarraba ido. Ta tsaya a bakin ƙofa ta tuɓe takalmanta ta jera su a gefe. Ta shigo tana bin bango, ba ta taka shimfiɗar tsakiyar ɗaki ba, ta zo gabana ta durƙusa.

"Ni ce, Uwargida."

Muryar ba tata ba ce. Siririya ce, ta yarinya.

"Ni ce na ƙona. Ba Innata ba ce, ba ta nan, ta tafi shanya. Don Allah kada a kore mu." Ta ɓoye hannayenta a bayanta. "In za a dake ni a dake ni a ƙafa, Uwargida. Kada a taɓa hannun, wancan karon bai warke da wuri ba, kuma akwai wanki gobe."

Yara suka fashe da dariya, suka yi ta tafa hannu. Sun ɗauka cikin wasan ne, kuma ba laifinsu. Na ji malamarsu tana ce wa Agogo, "Wannan tsohuwar ta fi kowa iyawa, ina kuka samo ta?"

Na jefar da rigar, na fizge malafar, na zube a gabanta.

"Inna, ni ce. Wasa ne. Dube ni, ni ce mai ba ki abinci."

Ganin Uwargida a ƙasa ya ƙara firgita ta. Ta ja da baya da gwiwa har ta bugi ƙafar teburi. Sannan ta ɗago ta dube ni. Rabon da ta dube ni haka har na manta. Ta bi goshina da idona da bakina da kallo, a tsanake, irin kallon da ake yi wa fuskar da ba a so a manta. Abin da na kawo ta ta yi ke nan, ta dube ni ta san ni, kuma ta yi.

A mota ta ƙi zama kusa da ni, sai da direba ya mayar da ita gaba. Na ce a raina kafin mu kai gida ta manta, ai mantuwa ce cutarta. Abin da aka faɗa mata da safe ba ya kai azahar. Amma wannan bai fita ba. Na cire kayan, na wanke fuska, na sa tsohon zanena na gida, na shiga ɗakinta da kwano. Tana ganina ta sauko daga gado ta tsaya, hannu a baya, ido a ƙasa.

"Inna, zauna mu ci."

"Na ƙoshi, Uwargida."

Na miƙa mata cokali, ta matse baki. Na ajiye kwanon na fita, na ce ko in ba na nan za ta ci. Da na dawo yana nan yadda na bar shi, ta ma rufe shi da faranti don ƙuda.

"Me ya sa ba ki ci ba?"

"Ba a ce nawa ba ne."

Yaya ya zo. Bai ce mini ai na faɗa miki ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya gwada, matarsa ta gwada, maƙwabciyarmu ta gwada. Su dama ba ta ci a hannunsu, yanzu kuma ba ta ci a nawa. Sai ɗan ruwa da take kurɓa in ta tabbatar ba na kusa. Na yi mata waƙar da take yi mana muna yara, na kwanta a ƙasa kusa da gadonta, na yi kuka a gabanta. Kukan ma tsoro ya ba ta, ta yi ta ba ni haƙuri a kan rigar. Na koma wurin aiki na ce wa Agogo a cire wasan kwandon, ya ce shi ne abin da makarantu suka fi so, amma za a duba. Ban tsaya jin sauran ba, na ɗauki hutu na dawo gida.

Inna ta fara ramewa. Idanunta suka faɗa, tsayuwar da take yi mini ta koma da dafa bango. Likita ya ce in aka ci gaba a haka sai dai a kwantar da ita a sa mata ruwa, kuma a shekarunta bai ba mu tabbacin komai ba. Muna fitowa Yaya ya tsaya a tsakar gida yana murza hularsa.

"Ƙanwata," ya ce. Rabonsa da kira na haka tun muna yara. "Roƙonta kike yi. Ita kuwa wadda take gani ba ta roƙo."

Na gane abin da yake nufi, na ce masa ba zan iya ba. Na ce gara in mutu. Ya ce ba ni ce ke mutuwa ba.

Na zubo abinci mai laushi a kwano. Na tsaya a bakin ƙofarta na daɗe, sannan na shiga. Ta yunƙura ta miƙe tana dafa bango. Na dire kwanon a ƙasa da ƙarfi, na ɗaga haɓa, na nemo muryar nan.

"Ke. Zauna."

Ta zauna a ƙasa nan take.

"Wannan naki ne. Cinye shi, kada in ga saura."

"To, Uwargida. Na gode, Uwargida. Allah ya ƙara girma."

Ta ja kwanon jikinta ta juya mini gefe, ta ci da hannunta da sauri-sauri, har ta suɗe. Ina tsaye a kanta ban motsa ba, don in na motsa za ta bari. Na ji Yaya ya bar bakin taga ya fita waje.

Haka muke yi yanzu, safe da rana da yamma. Jikinta ya ɗan murmure. Da muka koma asibiti likita ya auna ta, ya yi murna, ya ce ko mene ne nake yi mata, in ci gaba da yi.