Duniyoyin Tsumma

Da kwandastan ya jefo buhun wani fasinja a kan kwalinta, Auta ta ji ƙarar yagewa tun kafin ta buɗe baki.

"Malam, a hankali! Duniyoyi ne a ciki!"

"Haba Hajiya, mu ma da ke cikin duniyar a matse muke," in ji shi. Motar ta kwashe da dariya.

Ita ba ta yi ba. Yau wata makaranta za ta gwada koyarwarta a gaban ɗalibai, kuma mutum ɗaya za a ɗauka. Tun da ta gama jami'a take yawo ofis-ofis har takalminta ya cinye, ba wanda ya taɓa ganin hawayenta. Darasin da aka ba ta shi ne yadda duniyoyi suka samu. Yayarta tela, wadda ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ta ɗinka mata ƙwallaye a matsayin duniyoyin, ta cusa musu ragowar yadi.

"Yaya, tsumma zan kai gaban masu digiri?"

"Kai shi, 'yar boko. Tsumman nan ne ya kai ki jami'a."

A aji ta buɗe kwalin. Babbar ƙwallon ta fashe, cikinta ya zazzago. Shugabar makaranta na zaune a baya, ta zuba ido.

"Malama, shara kika kawo mana?" in ji wata ɗaliba.

Auta ta ɗaga kai. "Shara ce. Ku matso."

Ta ƙarasa farke ƙwallon, ta baza ƙyallayen a kan tebur. "Da farko babu duniya ko ɗaya. Ƙura ce da iskar gas, suna ta juyawa. Mafi yawansu suka taru a tsakiya suka zama rana. In tela ta yanka riga, me ke zuba a ƙasa?"

"Ragowa!"

"To a kan ragowa kuke tsaye."

Ta sa tafin hannu tana murzawa, yadda take yi tun tana ƙarama in ta share shagon Yaya. Zare ya kama zare, ƙyalle ya naɗe ƙyalle. "A can sama babu hannu, nauyi ne ke jawo abu zuwa ga abu. Wanda ya fi girma ya fi ja, yana haɗiye na kusa da shi har ya zama duniya. Waɗanda ba su samu shiga ba, su ne duwatsun da ke yawo har yau."

A nan ta hango shi cikin dunƙulen: shuɗin yadin rigarta ta firamare, a naɗe da wani ƙyalle mai furanni. Zanen marigayiya Inna ne, wanda Yaya ta yanka ta yi mata rigar shiga jami'a. Ta yi gyaran murya, ta ci gaba har aka buga ƙararrawa.

"Ki zo ranar Litinin," in ji shugabar. "Wannan duniyar da kika dunƙula kuma ki bar mana a ɗakin kimiyya."

"Zan kawo wata, ranki ya daɗe. Wannan tana da mai ita."

A shago ta tarar da Yaya a kan keken ɗinki, allura a baki.

"Yaya dai? Sun yi wa tsummana dariya?"

"Sun yi. Litinin zan fara."

Keken ya tsaya. Auta ta ajiye dunƙulen a cinyar Yaya, ta cire takalmi, ta ɗauki tsintsiya. Da ta tara ƙyallayen ba ta nufi kwandon shara ba. Ta ce, "Yaya, ina buhu?"